Tsutsar Cikin Ganyen Lemo: Yadda Kyamarar Waya da Excel Suke Nuna Ko Lambu Yana Buƙatar Feshi

Duk wanda ya saba shiga lambun lemo ya san wani farin zane mai ƙyalli da ke fitowa a kan sabon ganye. Zanen yana tafiya yana lanƙwasa kamar sawun maciji a kan yashi, daga baya ganyen ya nannaɗe ya ƙanƙance. Abin da ke fara zuwa zuciyar mai lambu idan ya ga haka shi ne ya ɗauko famfon feshi. A lambun oganik, wato inda ba a amfani da maganin ƙwari ko takin masana'anta, wannan gaggawa tana iya jawo asara biyu: kuɗin magani ya tafi a banza, sannan a kashe ƙananan halittun da ke yi wa lambun aiki kyauta.

Wannan darasi zai bayyana ƙwaron da ke yin zanen, da maƙiyansa, da abin da ya faru a Filorida da Sifaniya lokacin da ya ɓulla a can. Daga nan sai a zo kan aikin hannu: yadda ake amfani da wayar Android, da ɗan gilashin ƙara girma, da shafin Excel ko Google Sheets, a ƙirga abin da ke faruwa a cikin ganye kafin a yanke shawarar feshi.

Wane ƙwaro ne wannan?

Sunansa na kimiyya Phyllocnistis citrella, kuma da wannan suna ya fi sauƙi a nemo hotunansa a Google. Wani masanin ƙwari ɗan Ingila mai suna Henry Stainton ne ya fara bayyana shi a 1856, daga samfurin da aka samo a Indiya. Babban ƙwaron ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne na dare. Tsawonsa kusan milimita 2, idan ya buɗe fukafukai kuma kusan milimita 4. Launinsa fari mai ƙyallin azurfa, da ɗigon baƙi a ƙarshen kowane fiffike na gaba. Da rana yana ɓuya a cikin ganye, shi ya sa da wuya a gan shi.

Rayuwarsa mataki huɗu ce:

1. Ƙwai. Macen tana ajiye ƙwai ɗaya-ɗaya a kan sabon ganye mai taushi, galibi ta ƙasan ganyen, kusa da jijiyar tsakiya. Ƙwan bai kai rabin milimita ba, kamar ɗigon raɓa yake.
2. Tsutsa. Da ta ƙyanƙyashe sai ta shige ƙarƙashin siririyar fatar ganyen, ta riƙa tafiya tana shan ruwan da ke ciki. Iskar da ta shiga ramin da ta bari ita ke ba shi ƙyallin nan. Siririn layin da ake gani a tsakiyar ramin kashinta ne.
3. Ƙunshi. Idan ta gama girma, tsawonta kusan milimita 3, sai ta nufi gefen ganye ta naɗe bakinsa da zare, ta kwanta a ciki.
4. Babban ƙwaro. Yana fitowa daga naɗin, ya bar ɓawonsa a maƙale a bakin wurin.

Zagayen gaba ɗaya yana ɗaukar mako 2 zuwa 7, gwargwadon zafi. A wuri mai ɗumi inda bishiya ke yawan toho, ana iya samun zuriya fiye da 10 a shekara.

Akwai abu guda da ya kamata a riƙe a nan, domin duk sauran darasin a kansa ya dogara: tsutsar ba ta iya shiga ganyen da ya yi ƙwari. Sabon toho kaɗai take kamawa. Saboda haka idan an ga zane a kan tsohon ganye mai tauri, mai zanen ta daɗe da tafiya, ko ta mutu. Feshi a kan irin wannan ganye ihu ne bayan hari.

Wace bishiya ce take cikin haɗari?

Babbar bishiyar da ta haura shekara 4 tana da ganye da yawa, ɓarnar tsutsar ba ta cika taɓa yawan 'ya'yanta ba. Binciken da aka yi a yankin Valencia na Sifaniya ya nuna dalili. A can yawancin ganyen shekara yana fitowa ne a tohon da ke biyo bayan sanyin hunturu, lokacin da ƙwaron bai farfaɗo ba. Kafin ya yi yawa, wannan ganye ya riga ya yi tauri. Abin da yake samu shi ne tohon da ke biyo baya, wanda bai kai na farko muhimmanci ba.

Inda matsalar take shi ne wurin renon dashe, da ƙananan bishiyoyi, da waɗanda aka yi wa aure kwanan nan. Su kusan duk ganyensu sabo ne, idan ya nannaɗe girmansu yana tsayawa.

Haɗari na biyu shi ne cutar gyambon lemo, wadda bakteriya mai suna Xanthomonas citri ke haddasawa. Tsutsar ba ita ke ɗauko cutar ba. Sai dai ramin da ta haƙa yana zama buɗaɗɗiyar ƙofa, ruwan sama da iska su watsa bakteriyar ta shiga cikin sauƙi. A inda wannan cuta take, kamar Filorida da Barazil, ana ɗaukar tsutsar da muhimmanci fiye da inda babu ita.

Maƙiyan tsutsar

Kashi biyu ne.

Kashi na farko su ne ƙananan zanzaro. Dangin zanzaron da aka sani ne mai gina gidan laka yana cusa tsutsa a ciki domin 'ya'yansa su ci, sai dai waɗannan tsawonsu milimita 1 zuwa 2 ne kawai, ba sa gina gida, ba sa harbin mutum. Ramin tsutsar shi ne gidansu. Wasu suna soke fatar ganyen, su sumar da tsutsar, su ajiye ƙwai a gefenta, ɗansu ya ƙyanƙyashe ya cinye ta. Cirrospilus da Pnigalio da Citrostichus haka suke yi. Manyan matansu ma sukan huda tsutsa su sha ruwan jikinta, ita ma wannan kisa ce. Wani kuma, Ageniaspis citricola, a cikin ƙwan malam-buɗe-littafin ko sabuwar tsutsa yake zuba nasa ƙwan. Tsutsar za ta ci gaba da rayuwa kamar lafiya ƙalau har ta naɗe gefen ganye, sannan 'ya'yan zanzaron su cinye ta daga ciki. Ƙwai ɗaya na Ageniaspis yana iya rabewa ya ba da 'ya'ya fiye da ɗaya.

Kashi na biyu su ne mafarauta: tururuwa, gizo-gizo, da 'ya'yan wani koren ƙwaro mai fukafukai kamar raga da ake kira Chrysoperla. Tururuwa tana farke ramin ta janye tsutsar ta tafi da ita. Amfani da tururuwa a lambun lemo ya daɗe: wani littafin tsirrai na ƙasar Sin da ake danganta shi da shekara ta 304 ya ambaci yadda ake sayar da sheƙar tururuwa mai saƙa ganye a kasuwa, manoma su rataya a bishiyoyin lemo domin ta kare su daga ƙwari.

Abin da ya faru a Filorida da Valencia

Asalin ƙwaron kudu da kudu maso gabashin Asiya ne. A farkon shekarun 1990 ya bazu da sauri: Filorida a 1993, kudancin Sifaniya a shekarar, sauran ƙasashen Bahar Rum a shekaru biyu da suka biyo baya, Barazil a 1996, Kalifoniya a 2000. Ya iso waɗannan wurare ba tare da maƙiyansa na gida ba, shi ya sa ɓarnar farko ta tayar da hankalin manoma.

A Filorida, Marjorie Hoy ta Jami'ar Filorida da abokin aikinta Ru Nguyen sun shigo da Ageniaspis citricola daga Ostireliya a 1994. Ya zauna da gindinsa, ya bazu cikin jihar, domin yanayin Filorida mai laima ya dace da shi.

A Sifaniya an gwada shi ma, tare da wasu nau'o'in kusan goma, a ƙarshen shekarun 1990. Ageniaspis yakan yi aiki da zafi, amma bai iya tsallake hunturun yankin Valencia ba. A tsibiran Kanari masu sauƙin sanyi ne ya zauna. Wanda ya yi nasara a Valencia shi ne Citrostichus phyllocnistoides, ɗan asalin Asiya, wanda aka saki a 1998. Cikin 'yan shekaru ya zama shi ne zanzaron da aka fi samu a ramukan tsutsar a yankin. Ƙwaro ɗaya ne a wuraren biyu, amma maƙiyin da ya ci shi ya bambanta saboda yanayi. Wannan ya sa ba a kwafo sakamakon wata ƙasa a ɗora wa lambun wata. Sai an buɗe ganye an duba.

Labarin Filorida yana da kashi na biyu. A 2005 aka tabbatar da ɓullar cutar HLB a jihar, cutar da ke kashe bishiyar lemo, wadda wani ɗan ƙwaro mai tsotson toho ke yaɗawa. Manoma suka ƙara yawan feshin magunguna masu kashe kowane irin ƙwaro. Magungunan suka rage zanzaro da mafarauta, ita kuwa tsutsar tana ɓoye a ƙarƙashin fatar ganye, sai ta sake yawa a lambuna da dama. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Abin da lambun oganik ya fi sauran da shi ke nan: maƙiyan tsutsar suna raye a cikinsa, muddin ba a kashe su da hannu ba.

Tsutsar tana nan a ƙasashen Afirka da dama, har da Sudan da Najeriya. Hanyar ƙirgar da ke ƙasa tana aiki a kowane lambu, ko a Binuwai yake ko a bakin fadama a Arewa, domin abin da ke cikin ganye ake ƙirgawa, ko da ba a san sunan zanzaron ba.

Kayan aiki

- Wayar da kyamararta ke da tsarin makiro, ko ɗan gilashin makiro da ake maƙalawa a kan kyamara, irin wanda ake sayarwa a shagunan kayan waya. Gilashin hannu mai ƙara girma sau 10 ma ya wadatar.
- Allura ko siririn tsinke.
- Leda mai zif da alƙalamin maka.
- Excel ko Google Sheets. Mai lambuna da yawa zai iya haɗa fom a KoboToolbox, wanda ke karɓar bayanai ko babu intanet, ya tura su idan an samu netwok.

Manhajojin gane cuta daga hoto, irin su Plantix da iNaturalist, suna taimakawa wajen tabbatar da cewa zanen na wannan tsutsa ne. Amma hoton ganye daga waje ba ya faɗa musu ko tsutsar tana raye, ko ta fita, ko an cinye ta. Wannan bayani kuwa shi ne ake buƙata.

Yadda ake ɗaukar samfuri

A zaɓi bishiyoyi 10 a warwatse cikin lambun, wasu a gefe wasu a tsakiya, a sa musu lamba. A kowace bishiya a tsinko ganye 5 daga tohon da ya buɗe amma bai gama tauri ba. A tsinka ba tare da zaɓe ba. Idan aka bi waɗanda suka fi lalacewa kaɗai, lissafin zai yi ƙarya. A duba su a ranar, a inuwa. Idan aka ɗaga ganye a gaban haske, ko aka kunna tocilar wata wayar a bayansa, ana ganin abin da ke cikin ramin sosai.

Kowane rami a sa shi a ɗaya daga cikin rukuni biyar:

1. Rayayya: tsutsa mai launin rawaya-kore, lafiyayya, a ƙarshen ramin, ko ƙunshi guda ɗaya mai launin ƙasa a cikin naɗin gefen ganye.
2. Ta fita lafiya: naɗin babu kowa, ɓawon ƙunshi yana leƙowa daga bakinsa.
3. Zanzaro ya kama: ƙaramar farar tsutsa a manne da babbar, ko baƙin ƙunshi tsirara a cikin ramin, ko ƙaramar huda zagayayya a fatar ramin. Idan an buɗe naɗin da allura aka ga ƙananan ƙunshi biyu ko fiye a jere kamar ƙwayoyin carbi, aikin Ageniaspis ne.
4. Farkakke: an yage fatar ramin, babu tsutsa, ramin kuma bai kai gefen ganye ba. Aikin mafarauta ne.
5. Matacciya: ta bushe ta yi duhu a cikin ramin, babu wata alama.

Shirya shafin lissafi

A jera kanun shafin kamar haka: A kwanan wata, B sunan ɓangaren lambu, C yawan ganyen da aka duba, D rayayyu, E waɗanda suka fita, F na zanzaro, G farkakku, H matattu.

A gurbin I2 a rubuta:

=IFERROR((F2+G2)/SUM(D2:H2)*100,0)

Wannan yana ba da kason ramukan da maƙiya suka gama da su. An sa IFERROR ne domin a makon da ba a samu rami ko ɗaya ba, kada shafin ya nuna kuskuren rabawa da sifili.

A gurbin J2 kuma:

=D2/C2

Wannan shi ne yawan rayayyun tsutsa a kowane ganye.

Ga misali domin a gwada dabarar. A ce an duba ganye 50, aka samu rayayyu 12, waɗanda suka fita 8, na zanzaro 22, farkakku 14, matattu 4. Jimilla ramuka 60 ke nan. I2 zai nuna 60, wato kashi 60 cikin 100 maƙiya sun kashe. J2 zai nuna 0.24, wato kusan tsutsa ɗaya a kowane ganye huɗu. A ido wannan lambu ya cika da zane, amma ramuka 12 kaɗai ne feshi zai iya tarar da wani abu a ciki.

A lura cewa adadin I yana rage wa maƙiya haƙƙinsu. Wasu daga cikin rayayyun za a kama su gobe ko jibi, wasu kuma Ageniaspis ya riga ya shiga jikinsu ba a gani ba tukuna. Don haka aikin maƙiya na gaskiya yakan fi abin da shafin ya nuna.

Ƙirgar mako ɗaya ba ta isa hukunci. A maimaita kowane mako muddin akwai toho, a haɗa I da J a zanen layi ɗaya. Abin da aka saba gani shi ne J ya fara hawa, bayan mako ɗaya ko biyu I ya biyo shi, sannan J ya sauko. Maƙiya kullum a baya suke zuwa, domin sai abinci ya samu suke yawa. Feshi a cikin wannan tazara shi ne mafi muni, saboda yana tarar da zanzaro daidai lokacin da suka fara taruwa.

Tarkon feromon

A 2006 masana suka fitar da sinadaran ƙamshin da macen ke saki domin kiran namiji. Muhimman su biyu ne, a gwargwadon kashi 3 zuwa 1. Yanzu ana sayar da ɗan robar da ke ɗauke da ƙamshin, a sa shi cikin tarko mai kusurwa uku da takarda mai gam a ƙasa. Maza kaɗai yake kamawa, kuma amfaninsa sanar da lokacin da ƙwaron ke tashi da yawa. A ɗauki hoton takardar kowane mako, a ƙirga, a ƙara adadin a gurbin K. Idan K ya hau daidai lokacin da toho ke fitowa, wannan makon ne ya kamata a sa ido a kan ƙananan bishiyoyi. A manyan gonaki akan baza ƙamshin ko'ina domin maza su rikice su kasa gano mata, amma wannan dabara ta fi aiki a fili mai faɗi.

Yanke shawara

Ana iya tsara ta kamar sharuɗɗan manhaja:

- Idan bishiya babba ce kuma babu cutar gyambo a yankin, ba a feshi. A ci gaba da ƙirga.
- Idan ganyen ya yi tauri, ba a feshi, komai munin zanen.
- Idan dashe ne ko ƙaramar bishiya, toho yana fitowa, J yana hawa, I kuma yana ƙasa mako biyu a jere, a kare tohon kaɗai.

Wajen kare toho, man feshi na lambu shi ne ya fi sauƙin illa ga maƙiya. Aikinsa hana macen ajiye ƙwai, don haka tun toho yana ƙarami ake fesa shi, a maimaita yayin da ganyen ke buɗewa. A bi ma'aunin da ke jikin gora, kuma kada a fesa da tsakar rana ko a kan bishiyar da ke jin ƙishirwa, domin yana ƙona ganye. Maganin da ake samu daga 'ya'yan darbejiya ma yana rage ajiye ƙwai da girman tsutsa. Spinosad, wanda ake samu daga wata bakteriyar ƙasa, an yarda da wasu nau'o'insa a noman oganik kuma yana ratsa ganye ya kai ga tsutsar, amma yana kashe ƙananan zanzaro, yana kuma cutar da ƙudan zuma kafin ya bushe. Kasancewar magani na oganik bai sa ya zama marar illa ba. Shi kuwa Bt, da ake yi wa sauran tsutsotsi, sai an ci shi yake aiki, wannan tsutsa kuma ba ta cin saman ganye.

Sauran matakan ba sa buƙatar famfo. Kada a yanke ganyen da ya nannaɗe: har yanzu yana yi wa bishiya abinci, wataƙila akwai 'ya'yan zanzaro a ciki, kuma yanka yana jawo sabon toho, wato sabon abincin tsutsa. A cire rassan banza masu fitowa daga gindi suna toho ba ƙaƙƙautawa. A guji zuba takin kaji da yawa a lokacin da tarko ke nuna ƙwaron ya yi yawa. A bar ciyayi masu ƙananan furanni a tsakanin layuka, domin manyan zanzaro da zaƙin fure suke rayuwa.

Ƙirgar ganye 50 ba ta wuce aikin awa ɗaya ba idan hannu ya saba. Wanda ya yi ta tsawon shekara guda zai samu abin da babu manhajar da za ta ba shi: kalandar lambunsa, da watan da toho ke fitowa, da makon da tsutsa ke hawa, da tsawon lokacin da maƙiya ke ɗauka kafin su cim mata. A ajiye kwafin shafin a Google Drive, a riƙa sa wa hotunan suna da kwanan wata da lambar bishiya, domin shekara mai zuwa a samu abin kwatantawa.